Ƙungiyar da Ba Ta da Mai Jifa

Akwai wani yaro a garin Rajshahi na ƙasar Bangladesh mai suna Tuhin. Yana aji biyar. Ba abin da yake so kamar wasan kurket, wanda wani ke jefo ƙwallo wani ya doke ta da katako. Ko tsintsiya ya ɗauka, sai ya mai da ita katakon dukan ƙwallo.

Yana da wani gwangwanin biskit cike da hotunan 'yan wasa. Daga jaridun kakansa, Dadu, yake yanko su. Wani lokaci ma tun tsohon bai gama karantawa ba.

Babban abokinsa shi ne Shimul. Gidajensu suna kallon juna. Tare suke tafiya makaranta, tare suke dawowa. A hanya sukan sayi ɗanyen mangwaro da gishiri da barkono, su ci a takarda ɗaya.

Shimul ɗan siriri ne, ba shi da yawan magana. Bai iya duka ba ko kaɗan. Amma ya iya jifa. Ƙwallonsa a hankali take tafiya. Sai ta taɓa ƙasa, ta murɗe, ta canza hanya.

Wata ranar Alhamis, Malam Anisur ya shigo aji da ƙwallo naɗe da jan tef.

Ya ce, "Mako mai zuwa za mu buga Tes, wato dogon wasan kurket. Manya kwana biyar suke yi. Mu ma muna da kwana biyar, daga Lahadi zuwa Alhamis, lokacin shan iska."

Aji ya kaure da murna.

Malam ya zaɓi kyaftin biyu, Tuhin da wata yarinya mai suna Jhumur. Ya ce kowannensu ya duba 'yan wasan Tes na duniya da ke bugawa yanzu, ya zaɓi goma sha ɗaya da ransa ya fi so. Sai ya raba hotunansu ga 'yan aji. Wanda aka ba hoto, zai yi aikin mai hoton.

Malam ya ƙara da cewa, "Ku yi tunani da kyau. Ba a cin Tes sai an fitar da abokan karawa gaba ɗaya, har sau biyu."

Tuhin bai ji wannan ba. Hankalinsa ya riga ya tafi cikin gwangwanin biskit.

A hanyar gida Shimul ya ce, "Ka ajiye min hoton mai jifan nan na ƙasarmu, bahagon."

Tuhin ya ce, "Haba, sai ka roƙa? Kai ne na farko."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Tuhin ya baza hotunan a kan tabarma. Ya ɗauki ɗan Indiyan nan mai gemu. Ya ɗauki dogon nan na Ostareliya. Ya ɗauki na Ingila da na Pakistan da namu na gida. Duk masu duka ne, masu aika ƙwallo bayan fili.

Ya ɗauki hoton bahagon nan mai jifa. Sai idonsa ya faɗa kan wani mai duka kuma. Ya juya wannan, ya juya wancan. Daga ƙarshe ya mai da mai jifan cikin gwangwani.

Dadu yana zaune a kujerarsa yana kallo ta saman tabarau.

Ya ce, "Kyaftin, wa zai yi maka jifa?"

"Jifa ai ba wuya, Dadu. Kowa ya iya."

"To wa zai tsaya a bayan sandunan da mai duka yake karewa, ya kama ƙwallo?"

"Akwai katanga a wurin."

Dadu ya yi dariya har sai da tari ya kama shi.

Ranar Lahadi da safe Tuhin ya tsaya a gaban aji yana rabon hotuna. Ya ba Bablu, ƙaton ajin. Ya ba duk masu ƙarfin hannu. Ya manna ɗaya a rigarsa.

Shimul yana gefe, ya miƙo hannu yana jira.

Ya ce a hankali, "Nawa fa?"

"Sun ƙare."

"Amma ka ce ni ne na farko."

Tuhin ya ga duk aji suna kallonsa. Sai ya so ya ba su dariya.

Ya ce, "Kai da ƙwallonka kafin ta iso, mutum ya gama shan mangwaro ya wanke hannu? Ƙungiyata ta zakuna ce."

Aka kuwa yi dariyar. Shimul ya mai da hannunsa aljihu.

Jhumur ta ce, "Zo nan, Shimul. Dama ina da hoton mai jifa, na rasa wanda zan ba."

Da aka fita fili, Malam ya jefa tsabar kuɗi ta taka ɗaya sama. Jhumur ta ci. Ta ce su za su fara duka.

Tuhin ya ɗaga ƙwallo ya ce, "To, wa zai fara jifa?"

Zakuna suka kalli juna. Kowa ya nuna hoton da ke ƙirjinsa.

Bablu ya ce, "Ni dai mai hotona ba ya jifa."

"Ka taimaka mana, ɗan ƙato."

Bablu ya karɓa. Jifansa na farko ya tsallake katanga. Na biyu ya sami akuyar mai gadi, ta ruga tana kuka. Na uku ya wuce can gefe, kuma ba kowa a bayan sanduna. Katangar da Tuhin ya dogara da ita tana da nisa. Kafin a ɗauko ƙwallo, su Jhumur sun ƙara maki.

Haka aka yi ta yi. Rana tana dukan kai, zakuna suna bin ƙwallo suna haki. Har aka kaɗa ƙararrawa mutum ɗaya kawai suka fitar, shi ma santsi ne ya kwashe shi.

Da aka tashi, Tuhin ya tsaya a bakin ƙofa kamar kullum. Shimul ya wuce ta gabansa, bai ɗaga kai ba.

Ranar Litinin ma haka. Su Jhumur suka haura maki ɗari. Sai Jhumur ta je wajen Malam ta ce, "Sar, mun ƙoshi. A ba su su ma su ɗan taɓa."

Tuhin ya ce wa mutanensa, "Ku bari gobe ta yi. Gobe za su ga duka."

Gobe ta yi. Tun kafin a fara, rigima ta tashi. Kowane zaki yana so shi ne zai fara shiga. Bablu ya riƙe katako, wasu biyu suka riƙe ɗaya gefen. Sai da Malam ya raba su.

Tuhin ya ce shi ne kyaftin, shi zai fara. Ya tsaya a gaban sanduna uku, ya buga katako a ƙasa. Da ya ɗaga kai, sai ya ga Shimul ne riƙe da ƙwallo.

Ƙwallo ta taho a hankali. Tuhin ya kai mata duka da duk ƙarfinsa. Iska ya doka. Ita kuwa ta taɓa ƙasa, ta murɗe, ta tuntsurar da sandar tsakiya. An fitar da shi ke nan.

Jhumur ta ce, "Kyaftin, ka gama shan mangwaron? Je ka wanke hannu."

Wannan karon da Tuhin aka yi dariya.

Sauran ma haka suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Kowa so yake ya aika ƙwallo bayan katanga. Kafin ƙararrawa an fitar da su duka, makinsu bai kai talatin ba. Malam ya ce gobe su za su sake shiga, tunda an yi musu nisa sosai. In aka sake fitar da su, an cinye su. In suka jure har ƙararrawar Alhamis, canjaras ne.

Tuhin ya koma gida shi kaɗai. Ya sayi mangwaro a wurin da suka saba. Ya ci yanka biyu, sai ya ji ya ishe shi. Ashe takardar ta yi wa mutum ɗaya yawa.

Da la'asar mahaifiyarsa ta same shi a tsakar gida yana kallon sama.

Ta ce, "Babana, me ka ajiye a can?"

"Hadari nake nema, Ammu. In aka yi ruwa kwana biyu, ba za a cinye mu ba."

"Ka rufa min asiri, shanya na yi."

Ta shiga kicin, ta fito da shayi. Ta ba Dadu nasa, ta miƙa wa Tuhin kofi. Ya leƙa ciki. Ba ruwa, ba madara, ba ganyen shayi.

"Ammu, wannan ai sukari ne kawai."

"Ba shi ka fi so ba? Cokali goma sha ɗaya na zuba maka, duk zaɓaɓɓu."

Dadu ya kusa ƙwarewa da shayinsa. Tuhin ma ya so ya yi dariya, amma sai ya ji idonsa ya cika.

Ammu ta zauna kusa da shi. Ta ce, "Mahaifiyar Shimul ta gaya min ranar Lahadi bai ci abincin rana ba. Me ka yi masa?"

Tuhin ya faɗa musu duka. Bai ɓoye maganar mangwaron ba.

Dadu ya cire tabarau. Ya ce, "Wasa ana ci, ana cinye mutum. Wannan ba komai ba ne. Amma ka yi alkawari ka karya, ka kuma sa aka yi masa dariya."

"Zan je gidansu in ba shi haƙuri."

"A ina ka yi masa abin?"

"A gaban aji."

"To ka san inda za ka gyara."

Ranar Laraba da safe, Malam yana shigowa Tuhin ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Sar, ina da magana. Na yi wa Shimul alkawari na karya. Na yi masa ba'a. Jifansa ya fi dukana. Shimul, ka yi haƙuri."

Shimul yana ta kallon teburinsa. Can ya ce, "Na ji. Amma fa ba zan sassauta maka ba."

"Ban ce ka sassauta ba."

A fili Tuhin ya tara mutanensa. Ya ce, "Yau ba mai neman katanga. Ƙwallo ta zo, ka tare ta, ta faɗi a gabanka. Shi ke nan."

Bablu ya ce, "Zaki da tare ƙwallo?"

"Yau kunkuru ne mu."

Suka yi ƙoƙari. Wasu suka jure, wasu hannu ya yi musu ƙaiƙayi suka kai duka aka fitar da su. Tuhin dai ya dage. Ya sa ido a hannun Shimul, yana tarewa, yana tarewa. Bai taɓa sanin haƙuri yana da wuya haka ba.

Ranar Alhamis sama wasai, ko alamar hadari babu. Aka ci gaba. Can sai ya zama saura Tuhin da Bablu kawai. In ɗaya ya fita, wasa ya ƙare.

Tuhin ya hango mai gadi ya tashi daga bencinsa, ya nufi wajen ƙararrawa. Tafiya yake a hankali, yana gyara zaninsa. Saura kaɗan.

Shimul ya juya ƙwallo a yatsunsa. Ya ɗan tako, ya sake ta.

Tuhin bai kai duka ba. Ya sa ƙafa gaba, ya tare da kyau, yadda Dadu yake nuna masa da sandar tafiyarsa. Amma ƙwallon ta taɓa ƙasa, ta murɗe fiye da kullum. Ta bi ta gefen katako. Sanda ta faɗi.

Sannan ƙararrawa ta kaɗa.

Kowa ya tsaya yana kallon Tuhin. Shi kuma yana kallon sandar da ke kwance. Sai ya ajiye katako, ya ruga ya rungumi Shimul, ya ɗaga shi sama.

"Kun gani? Kun ga yadda ta juya? Abokina ne fa!"

Shimul yana dariya yana cewa, "Sauke ni, za ka karya ni."

Malam Anisur ya tara su a gindin bishiya. Ya ce, "Ƙungiya tana buƙatar mai duka, da mai jifa, da mai kama ƙwallo, da mai haƙuri. Aji ma haka yake, gida ma haka. Kada ka raina mutum don baiwarsa ba irin taka ba ce. Kuma in ka yi alkawari, ka cika."

A hanyar gida suka tsaya wajen mai mangwaro. Takarda ɗaya suka saya. Tuhin ya laluba aljihu, ya fito da hoton bahagon nan mai jifa. Tun jiya yake yawo da shi. Ya manna wa Shimul a riga.

Ya ce, "In Sar ya sake sa wasa, kai ne na farko. Da gaske wannan karon."

Shimul ya ce, "In kuma ni aka ba kyaftin, kai ma kana ciki."

"A na nawa zan shiga duka?"

"Wa ya ce duka? Ruwan sha za ka riƙa kawo mana."

Tuhin ya kai masa wawura, Shimul ya goce da takardar mangwaro a hannu. Suka bi layi da gudu suna dariya har ƙofar gida.

Daga ranar Tuhin bai ƙara raina baiwar kowa ba. Kuma duk lokacin da ya baza hotunansa a tabarma, mai jifa yake fara ɗauka.