Taku Ɗari Shida Zuwa Masallaci

Kwalaye sun cika falon har babu wurin sa ƙafa. Juwairiyya na durƙushe tana naɗe farantai a tsohuwar jarida, mijinta Misbahu kuma ya jingina wayarsa da fulas ɗin shayi, muryar Goggo Rabi na tashi daga ciki kamar tana tsakiyar ɗakin. Saura kwana goma sha biyu su bar Columbus, domin Misbahu ya samu aikin injiniya a Washington, amma har yau ba a tsayar da unguwar da za a zauna ba.

Gidaje biyu ne a gabansu. Ɗaya a Hyattsville, fulat mai ɗaki uku a ƙasan bene. Ɗayan a Woodbridge, ƙaton gida mai hawa biyu da gareji, layi uku tsakaninsa da gidan Goggo Rabi, ƙanwar mahaifin Misbahu, wadda ta shekara ashirin a Amurka har take ji kamar ita ta shimfiɗa titunan ƙasar.

"Ɗaki uku!" in ji Goggo. "Haba Misbahu! Injiniya guda a akurkin kaji? In 'yan'uwa sun zo daga Gombe a kan firij za su kwana?"

Juwairiyya ta matso kusa da wayar. "Goggo, ki yi haƙuri in sa baki. Baba nake dubawa. Ranar da muka je ganin gidan Hyattsville na taka da ƙafata daga ƙofa zuwa masallacin unguwar, taku ɗari shida ne da 'yan kai, kuma akwai hanyar masu ƙafa har bakin ƙofarsa. Ga shagon kayan miya, ga tashar jirgi. Wancan kuwa mil huɗu ne zuwa masallaci, babu ko gefen titin da mutum zai raɓa."

"Ji min yarinya! Ƙirgar taku kika koma? Motar da ke hannunki ta ado ce? Ki riƙa kai shi mana!"

A nan ne fa maganar take, kuma Goggo ta fi kowa sani. Malam Auwalu, mahaifin Misbahu, shekararsa saba'in da biyu, shekara biyu ke nan da aka ɗauko shi bayan rasuwar matarsa. Tun yana saurayi sallar jam'i ba ta wuce shi ba, a Columbus ma da sandarsa yake takawa sau biyar. Sannan mutum ne mai kunya irin ta mutanen da. Misbahu ɗan fari ne, Baba bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai ya ce "mai gidan nan". Juwairiyya kuwa suruka ce, ko ruwa ba ya sha a gabanta, in yana da magana jikarsa Sadiyya 'yar shekara shida yake ba wa saƙo. Wannan mutumin ne zai buɗe baki ya ce surukarsa ta tuƙa shi, su zauna su biyu a mota? Wallahi ko a mafarki.

"Ni dai na gane ki," Goggo ta ci gaba. "Ƙaramin gida kike so don kada dangin miji su raɓe ku. Ku 'yan boko haka kuke, daga ke sai mijinki!"

Maganar ta soki Juwairiyya har cikin ƙashi. Ta dubi Misbahu tana jiran ya kare ta, shi da suka yi shekara huɗu suna soyayya a jami'a, shi da ya san ita ta fara cewa a ɗauko Baba. Sai ta ga ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya.

"Bari mu tambayi Baban kawai," in ji shi.

Suka same shi a ɗakinsa yana jan carbi. Misbahu ya durƙusa daga bakin ƙofa ya yi bayani. Baba bai dube shi ba, ya juya wajen jikarsa.

"Sadiyya, ki ce duk inda aka ga ya dace, alhamdu lillahi."

Misbahu ya fito yana murmushi. "Kin ji ko, Juwai? Baba ba shi da matsala."

"Bai ce yana so ba fa. Kunya ce ta yi magana. Don Allah ka saurare ni—"

"Ya isa!" Ya daka mata tsawar da bai taɓa yi ba a shekara tara na aurensu. "Ko dai gaskiya Goggo ta faɗa?"

Hawayenta suka riƙa ɗiga a kan jaridar da ke hannunta. Ta ci gaba da naɗe farantai.

Woodbridge aka koma. Gida kam ya yi kyau, babu ƙarya, hotonsa ya zaga wasaf ɗin dangi ana ta Masha Allah. Goggo ta yi alkawarin mijinta Alhaji Nasir zai riƙa ɗaukar Baba kowace Juma'a. Ya zo sau biyu, na uku ya ce cunkoson motoci ya hana shi, daga nan ba a sake ganinsa ba. Misbahu kuwa da ya sallame sallar asuba yake rugawa tashar jirgi, ba ya dawowa sai an yi isha'i, a gajiye tiɓis.

Baba ya koma salla shi kaɗai a ɗaki. Juwairiyya na ganinsa ta ƙofar kicin yana zaune gaban taga tun hantsi, yana kallon layin da babu mai wucewa sai motoci. Ya rame. Tuwon da take aika masa rabi yake dawowa. Kowace Juma'a sai ta ɗauki makulli ta kira 'yarta.

"Je ki ce wa Baba mota na nan in zai je masallaci. Ki ce ke ma za ki raka shi, a baya za ku zauna."

Yarinyar ta ruga ta dawo, ta ba da amsa da Turanci kamar kullum, wai Kaka ya ce an gode, Allah ya yi albarka, yau ƙafarsa na ciwo. Ƙafar da ke ciwo ranar Juma'a kaɗai! Ta kira masa motar haya sau ɗaya, ya aiko cewa kada a wahalar da bawan Allah. Ta gaya wa Misbahu, ya ce ta cika ƙorafi, so take a ce ita ce mai gaskiya. Ta haɗiye, ta ci gaba da aika saƙonta.

Juma'a ta tara, cikin zafin watan Yuli, Juwairiyya na sama tana shanya kayan wanki, ta sauko ta aika Sadiyya. Yarinyar ta dawo ta ce babu Kaka, babu sandarsa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Ko takalmi ba ta tsaya nema ba, ta cusa yarinyar a mota ta bi hanyar masallaci. Mil biyu ta yi ta hango fitilun motar asibiti. Farar hular Baba na yashe a kan layin titi, sandar ta karye biyu. Ya raɓa ta gefen kwalta ne, inda babu ko taku ɗaya na mai ƙafa, madubin wata motar kaya ya make shi ya faɗa kwalbati. Ƙashin ƙugunsa ya karye. Tana kuka tana kiran "Baba! Baba!", shi kuma a wannan halin ma ƙoƙari yake ya ja rigarsa ya rufe ƙafafunsa don surukarsa na tsaye.

Washegari da rana, bayan an fito da shi daga tiyata, dangi suka cika ɗakin asibitin. Likita ta riga ta gaya musu in ya tashi ma, da wuya ya sake yin doguwar tafiya. Goggo Rabi ta share hawaye ta juyo.

"Ga sakamakon mugunta! Kina gida, mota na gareji, kika bar tsoho ya fita da ƙafa? Don a ce maganarki ta tabbata ko? To ta tabbata, sai ki yi guɗa!"

"Goggo, wallahi kowace Juma'a ina—"

"Rufe min baki! Misbahu, in kai ɗan halak ne, yarinyar nan ba za ta sake kwana a gidanka ba."

Juwairiyya ta dubi mijinta. Idanunsa sun yi ja, ya ƙi yarda su haɗa ido.

"Ki ɗauki kayanki ki tafi wajen yayanki a Sterling," ya ce a hankali. "Zan neme ki."

 Ta kama hannun Sadiyya ta nufi ƙofa, ba ta ko ganin gabanta.

"Misbahu."

Kowa ya juya. Muryar daga kan gado ta fito. Shekara talatin da takwas Misbahu bai taɓa jin sunansa a bakin nan ba. Ya zube a gaban gadon.

"Na kira ka ne don ban san ko zan tashi ba, kuma ba zan tafi da hakkin baiwar Allah nan ba. Juma'a shida tana aiko min da mota, ni na ƙi. Ta kira min ta haya, na ƙi. Kunyata ce ta fitar da ni kan titi." Ya numfasa. "Ranar da ka tambaye ni gida na ce duk inda ya dace, ni na haife ka, amma ba ka ji ni ba. Rabi, ciki ɗaya muka fito, kin san halina sarai, kika zaɓi gidan da za a yi hoto. Ita kaɗai ta ji abin da ban faɗa ba. Har takuna ta ƙirga. Ita za ka kora?"

Goggo ta ja gyale ta rufe fuska, ta sulale ta fita. Misbahu ya juyo a durƙushe ya kama gefen hijabin matarsa yana kuka kamar yaro.

"Juwai, na zalunce ki. Ki yafe min don girman Allah!"

 Ta daɗe tana kallon tsohon da ya juya fuskarsa bango saboda nauyin abin da ya faɗa, sannan ta gyaɗa kai.

Kafin sanyi ya shigo suka bar ƙaton gidan suka koma Hyattsville. Wancan fulat ɗin an riga an kama, sai suka samu wani a layin baya. Misbahu ya nemi a bar shi ya riƙa aiki daga gida ranar Juma'a. Baba bai sake taka ƙafarsa zuwa masallaci ba, a keken marasa lafiya ɗansa ke tura shi, Sadiyya na riƙe da dardumarsa. Goggo ta zo da kanta ta ba da haƙuri, Juwairiyya ta karɓe ta hannu biyu, ta sauke ta a ɗakin Sadiyya, babu wanda ya kwana a kan firij.

Haƙurin Juwairiyya ya wanke ta a gaban kowa, ya dawo mata da mijinta, amma bai dawo wa Baba da ƙafarsa ba. Don haka mai neman gida ya fara duba wanda ya fi rauni a cikin iyalinsa kafin ya duba abin da dangi za su ce, kuma in tsoho mai kunya ya ce "duk yadda kuka gani", a zauna a sake tunani.

Juma'ar farko da suka dawo daga masallaci, Sadiyya ta shigo kicin da gudu, ta dage ta isar da saƙon da Hausarta mai karkata.

"Momi, Kaka ya ce wai a gaya miki ya ƙirga takun mai gidan nan. Ɗari shida da tamanin. Wai Allah ya ba ki ladan kowane ɗaya."

Juwairiyya ta ajiye ludayin, ta zauna a ƙasan kicin ta yi kukanta.