Almon Ɗin da Ya Ƙi Tsirowa

Despina Karvelas ba ta gai da kowa ba da ta shiga caji ofis na garin Renmark. Ta dire kwanoni biyu a kan teburin Sufeto Kleinig har ruwa ya fallatsa wa takardunsa, sannan ta jawo buhu ta jingine masa a ƙafa.

"An yi min sata, an kuma ɗora min ƙarya. Tashi."

Sufeton ya san ta. Duk garin an san tsohuwar nan mai rumfar almon, ƙwayar itacen nan mai kama da gyaɗa, a kasuwar Lahadi, da bakinta da ba ya tauna magana.

"Zauna, Mama. Me aka sace?"

"Ban zo zama ba. Duba." Ta tura masa kwanon farko. Ƙwayoyin sun kumbura, kowace ta fito da ɗan farin tsiro. "Wannan wanda na rage a gida ne. Ɗanye." Ta tura na biyu. "Wannan daga buhun da na ajiye a ɗakin sanyi na kasuwa. Tare na jiƙa su. Ka ga tsiro? Matacce ne. An turara shi a masana'anta."

Tun mijinta yana raye take sayar da almon wanda bai ga tururi ba, mutane na tahowa tun daga birnin Adelaide don a kanti ba sa samu. Wata mata ta saya ta jiƙa, ya ƙi tsirowa, ta kai ƙara. Kwamitin kasuwa ya rufe rumfar Despina, aka kira ta mayaudariya.

"A gaban jama'a, ɗan nan. Da furfurata."

"Wa ke sayar miki?"

"Baldev Sandhu, shi kaɗai. Sai da na taka gonakin bakin kogin nan kaf kafin na samu wanda ba ya kai nasa masana'anta."

Sufeton ya ɗauki buhun. Bai gayyace ta ba, amma ta riga shi shiga mota.

Sun tarar da Baldev tsakanin itatuwansa da suka yi fure fari fat, yana duba akwatunan ƙudan zuma. Ya jujjuya buhun, ya bi bakinsa da yatsa.

"Buhuna ne, amma ba ɗinkina ba ne. Ni da hannu nake ɗinkewa, da jan zare. Wannan na inji ne."

"Akwai wani da ya nemi ka sayar masa da ɗanye?" in ji Sufeto.

"Babu," in ji Baldev, idonsa a kan akwatunan zuma.

Despina ta sha gabansa. "Baldev, kai ka kama min akwatin gawar mijina. Kalle ni ka sake cewa babu."

Baldev ya gyara rawaninsa. "Trevor Pfeiffer ne, shugaban kwamiti. Tun lokacin girbi yake bina. Ya buɗe shago a birni, masu hali suna ta tambayarsa ɗanye. Na ce itatuwana kaɗan ne, kuma na riga na yi wa Inna Despina alkawari." Ya dubi Sufeto. "Matata ma tana da rumfa a kasuwar, yallaɓai. Shi ya sa na ja bakina."

"Makullin ɗakin sanyi a hannun wa yake?" in ji Sufeto.

Despina ta ja tsaki. "Kana tambaya kamar ba a garin nan aka haife ka ba. A hannun shugaban kwamiti mana."

Trevor yana wanke a-kori-kurarsa a tsakar gida da suka isa. Ya tarbe su da murmushi.

"Ni ma abin ya dame ni, Sufeto. Amma ka san tsufa. Wataƙila ta haɗa buhunan ne ba ta sani ba."

"Tsufan bai hana ni gane ɓarawo ba," in ji Despina.

"Mama, bari in yi aikina. Trevor, kana sayar da ɗanye?"

"Ban taɓa riƙe shi ba. Nawa duk daga masana'anta yake zuwa, a turare, a cikin leda."

Sufeton ya bar shi tsaye. Ya zaga bayan motar yana duban ƙasa, wadda ruwan sama ya jiƙa. Daga inda ake ajiye motar har ƙofar sito, ƙananan tsirrai ne suka fito a jere kamar da igiya aka shuka su.

"Dashe kake yi?"

Trevor ya leƙo. Murmushin ya ragu. "Aku ne. Suna ɗebowa daga gonaki su yar."

"Akun da ke tafiya a layi daga motarka zuwa sitonka?" Sufeton ya durƙusa ya tuge ɗaya. A gindinsa ga ƙwayar almon tsirara, ba ɓawo. "Ya kuma ɓare ta tas, ya ƙi ci, ya ajiye maka."

Despina ta yi wata dariya mara daɗi. Yanzu ta gane. Mutumin duk rayuwarsa matacce yake sayarwa, wanda in ya zube sai dai ya ruɓe. Bai taɓa tunanin share ƙwayoyin da suka zube masa a hanyar sito ba.

"Buhun da ka juye nawa a ciki a huje yake, Trevor. Ko na sata ba ka iya sayen mai kyau ba."

"Za ka buɗe siton," in ji Sufeto, "ko in je in dawo da takardar kotu?"

Ya buɗe. Ga injin ɗinke buhu a kan benci, ga guntayen jan zare a ƙarƙashinsa, ga ƙananan ledoji ɗauke da sunan shagonsa an rubuta musu ɗanye.

Trevor ya zauna a kan wani akwati. "Na ɗauka ba wanda zai jiƙa. Mutane ci kawai suke yi."

"Da matar ta kawo ƙara fa?"

"Sai ko ni ko Despina. Kuma na ga in ta rasa rumfa, dole Baldev ya dawo gare ni."

Sufeton ya sa masa ankwa. A bakin mota Trevor ya waiwayo.

"Despina, ki yi haƙuri. Zan sa a buɗe miki rumfarki."

"Ba kai za ka sa ba. Ni zan buɗe da hannuna ran Lahadi. Kwamitinka kuma zai tsaya daidai inda ya tsaya ya kira ni mayaudariya, ya janye da irin muryar da ya faɗa."

Ta tsinci wani tsohon gwangwani, ta durƙusa gwiwoyinta suna ƙara, ta haƙo tsiro ɗaya da ƙasarsa.

"Mama, shaida ce wannan."

"Ga layi guda nan na bar maka, ɗan nan. Wannan a kan teburina zai zauna." Ta miƙe ta rungume gwangwanin. "Duk wanda ya sake tambayata ko ɗanye ne, sai ya tambaye shi."