Silili da Kunyar Hajiya Azumi

Silili ya shiga ta jijiyar cinyar Hajiya Azumi da ƙarfe goma na safe, ya bi jini ya haura har cikin kanta. Na'ura ce da ba ta kai gashin gira kauri ba. A allon bango ana ganin ƙwaƙwalwar tsohuwar, ɓangaren hagu ya dushe inda gudan jini ya toshe hanya. Cikin minti huɗu Silili ya cafke gudan, launi ya fara dawowa.

Dakta Nafi'u, wanda ya ƙera shi, yana bayan gilashi yana ta zufa. Shekara goma sha ɗaya ya kashe a kan aikin, har Kanon shekarar 2090 ta daina tsoron shanyewar ɓarin jiki. Amma yau mahaifiyarsa ce kwance a gadon, shi ne kuma ɗan farinta.

Aikin Silili ba ya ƙarewa da cire gudan jini. Yakan nuna wa majinyaci hotuna idonsa biyu, ya yi masa tambaya. In amsa ta taso a ƙwaƙwalwa ta kasa isa baki, sai ya ɗauka cutar ce ta rufe wata ƙofa, ya ƙone abin da ya tare ta da ɗigon lantarki. Nafi'u da kansa ya hana a sa maɓallin tsayarwa. Jinkirin ɗan Adam, in ji shi a kowane taro, shi ke kashe ƙwaƙwalwa. Mutum ne da ba ya gajiya da jin muryar kansa a lasifika.

Aka nuna mata buta, ta ce buta. Aka nuna jikarta, ta ce Ummita. Sai hoton Nafi'u ya fito.

"Hajiya, yaya sunan wannan?" in ji na'urar.

Tsohuwa ta kau da kai. Shekara arba'in da shida ba ta taɓa ambatar sunan ɗan farinta ba, don kunya irin ta iyayen da. "Wannan yaron" take ce masa. A allo kuwa sunan ya haska sarai, ga wani abu ya riƙe shi gam.

Nafi'u ya zabura. Ya buga gilashin yana kiran likitar da ke ciki. "Sakina, ki tsayar da shi. Ba cuta ba ce, ba ta faɗar sunana ne."

"Da me zan tsayar da shi, Dakta?"

Allon ya yi walƙiya sau ɗaya.

Bayan la'asar ta farka garau, hannu da ƙafa duk suna motsi. Ta dube shi cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Nafi'u, ka yi ƙiba. Miƙo min ruwa."

Tun yana ƙarami yake kwaɗayin jin sunan nan daga bakinta. Yanzu da ya ji, tsoro ne ya kama shi. Ta cire ɗankwali a gaban surukinta, ta ba 'yan dubiya labarin darenta na farko na aure tana dariya, ƙannensa suka sunkuyar da kai. Ƙanwarsa Hassu ta ja shi waje tana hawaye.

"Yaya, ina ka kai mana Inna?"

 Sai wayarsa ta yi ƙara da rahoton Silili: an samu cikakkiyar waraka, an kuma tura sabon darasin da ya koya zuwa ga irinsa da ke asibitoci ɗari uku. A daidai lokacin, a wani ɗaki a Daura, ana ɗaga wa wata tsohuwa hoton ɗan farinta, ita kuwa ta fara kau da kai.