Fito Uku a Gidan Wasan Brancato

Da hantsin ranar Talata aka kira Sufeto Mulvaney zuwa gidan wasan Italiyawa da ke ƙasan birnin New York. Mai gidan, Don Ottavio Brancato, wanda ya shekara ashirin yana shirya musu wasan waƙe-waƙe na opera, yana kwance a dandamali ba rai. Ana cikin gwajin wasa buhun yashin da ke riƙe labule ya faɗo masa a ka.

Tuni kurata sun sa wa Gennaro ankwa, tsohon ma'aikacin jirgin ruwa da ke kula da igiyoyi a sama.

"Ni na saki igiyar, ranka ya daɗe," in ji tsohon. "Amma fito aka yi mini. Gajeru biyu, dogo ɗaya, irin namu na teku. Daga can sama ba na ganin kowa."

"Wa ya saba yi maka?"

"Don Ottavio kaɗai."

"Wato shi ya kira wa kansa buhun?"

In ba a samo mai fiton ba, a kurkuku Gennaro zai mutu.

Sufeto ya durƙusa. Alamar allin da mamacin ke tsayawa a kai, an goge ta an sake zanawa daidai ƙarƙashin inda ake rataye buhun.

Ya sami Carmela, babbar zabiyar gidan, tana share idon da babu hawaye.

"Kamar uba yake a gare ni."

"Uban da kika tsine wa jiya gaban kowa?"

Ta jefar da hankicin. "Ya ba wata mai muryar akuya matsayina, sai in yi masa guɗa? Amma fito a gidan wasa? Allah ya kiyaye, masifa yake jawowa. Tambayi Pasquale, mai hararar takardar talla kamar ta zagi uwarsa."

Pasquale shi ne shugaban makaɗa. A takardar da ke ƙofa sunan Brancato ya kai kan mutum girma. Nasa sai da tabarau.

"Jirgi ɗaya ya kawo mu ni da marigayin," in ji Pasquale. "Kwat ɗaya muka raba a sanyin farko. Ni kiɗa na sani, Sufeto. Wannan fiton ban taɓa jin sa ba."

Sufeto ya sa aka mayar da buhun sama, aka ɗaure tam. Ya tara kowa, ya ce Pasquale ya tsaya kan allin ya nuna masa yadda mamacin ke tsayuwa. Sannan ya sa yatsu a baki. Gajeru biyu, dogo ɗaya.

Carmela ta yi alamar gicciye. Makaɗa suka hau zagi. Mutum ɗaya ne ya daka tsalle gefe, hannu a ka, ido a sama.

"Ashe ka taɓa ji," in ji Sufeto.

Pasquale ya zauna daɓas.

"Shekara ashirin ni ke rubuta kiɗan, ni ke koya wa waɗannan jakunan, shi ke fitowa ya rusuna a tafa masa. Mutumin da ko sarewa bai iya riƙewa ba! Kullum ina ramin makaɗa a ƙasan dandamali, takalminsa nake kallo."

Aka kwance ankwar daga hannun Gennaro aka mayar hannun Pasquale. A ƙofa ya ja ya tsaya gaban takardar tallar.

"Sufeto, a jaridar gobe sunan wa za a fara sawa?"

"Nasa," in ji Mulvaney. "Da manyan baƙaƙe. Mu je."