Kwalbar Kakan Laoban Chen

Ana saukowa daga Juma'a, Laoban Chen, Basine mai gidan ajiyar kaya a titin Guangyuan Xilu can ƙasarsu, ya tarar da akwatin gilashinsa wayam. Babu kwalbar wuskin da ya gada wurin kakansa, wadda aka dafa a tukunyar tagulla shekara sittin baya, a masana'antar da tuni ta rufe. Wari ne ya tona ta: tana kwance cikin kwalin Dogara, ɗaya daga baƙin 'yan kasuwar da ke ajiye kaya wurinsa, tsohon murfinta ya ruɓe, ta jiƙa atamfofi.

Nan take 'yan kasuwa suka yanke hukunci, tunda Dogara ne kaɗai mai sha a cikinsu. Chen ya ce zai kira 'yan sanda. In suka zo, bizar Dogara da kasuwarsa sun tafi ke nan.

Rekiya, mai yi musu jigilar kaya, ranta ya ɓaci. Ba a san ta da haɗiye magana ba.

"Hajiya, fita daga zancen giya," in ji Alhaji Abdulƙadir, babbansu.

"Ba inda zan fita, Alhaji." Ta juya. "Dogara, yaya ake ajiye wannan abu?"

"A tsaye, Hajiya. In aka kwantar, ruwan cinye murfin yake. Duk mashayi ya sani."

Chen ya gyaɗa kai.

Ban da Chen, mutum biyu ne ke da makullin gidan ajiyar. Mahamadou, mutumin Maraɗi mai riƙe ɗaya makullin, ya miƙa wayarsa. Hotuna suka nuna tun safe yana kasuwar Baima.

Rekiya ta dubi Alhaji, ɗaya mai makullin.

"Da safe farar shadda ce a jikinka. Yanzu jallabiya, ko karin ninkinta bai saki ba."

"Zufa na yi."

"To kawo shaddar mu shinshina zufar."

A leda aka same ta ƙarƙashin teburinsa, tana tashin wuski. Da kyar ya amsa cewa wani mai tara tsofaffin kwalabe ne ya kwaɗaita masa, ya ɗauke ta ya ɓoye a kwalin Dogara.

"Wanda bai san giya ba ne zai kwantar da ita," in ji Rekiya. "Ta zube masa a jiki, dole ya sake riga kafin salla. Alhaji, ka ƙyamaci shiga masallaci da ɗigon giya a riga, amma ka shiga da haƙƙin Dogara a wuyanka. Wannan da wane ruwa za ka wanke?"