Fuskar Da Ta Buɗe Bakin Abba

"Wa ya saka hoton yarinyar nan?!"

Yaya ne ya yi tambayar, ni kuma yake harara. Umma ma ni take kallo. Ni kuwa idona na kan allon kwamfutar, inda fuskar masoyiyata take walƙawa a kan haruffa, ta ɗauke, ta dawo.

"Ba da gangan ba ne," na ce.

"Kai komai naka ba da gangan ba ne, Auta!"

Gaskiya na faɗa. Injiniyar asibitin ce ta nemi hotunan 'yan gida, na miƙa mata wayata, ta kwashe har da na masoyiyata.

Tun da Abba ya faɗi jikinsa ya shanye, ido kawai yake motsawa. Yana ji, yana gani, baki ya ƙi. Sai aka kawo mu wannan ɗaki mai ƙaurin magani, aka sa masa wata hula mai wayoyi, aka shafa masa wani mai mai sanyi a fatar kai. Injiniya ta ce ya zuba wa harafin da yake so ido. Duk sanda fuska ta walƙa a kan harafin, ƙwaƙwalwarsa za ta ɗan zabura, na'urar ta kama, ta rubuta. Ta ce fuskar da ke taɓa zuciya ta fi sa ta zabura.

An gwada hoton Umma, na'urar ta rubuta shirme. Na Yaya, shirme. Nawa ma ba a magana.

Aka zo kan nata, sai ga kalma ta fito tas: RUWA.

Umma ta ba shi ruwan a cokali. Da ta gama ta zauna a bakin gado.

"Tun ina yarinya nake tare da mutumin nan," ta ce. "Fuskata ba ta motsa shi ba, sai ta 'yar gidan mai?"

"Mama, ba haka ba ne," in ji Injiniya. "Fuskar da ake gani kullum, wani lokacin ƙwaƙwalwa sabawa take yi da ita."

"To son ta yake yi ko ƙin ta?" na tambaya.

"Wannan kam na'urar ba ta sani ba. Ta dai san zuciya ta motsa."

"Ni na sani," Yaya ya ce. "Haushi ne!"

Ban musa ba. A gidan mai take aiki. Wata rana Abba ya tsallake layi da motarsa, ta ƙi zuba masa, ta kalle shi cikin ido ta ce ya koma baya kamar kowa. Ba ta san cewa mahaifina ne ba. Ranar da na nuna masa hotonta da maganar aure, ya ture wayar ya ce, "Mai tsayayyen idon nan? Ba a gidana ba."

Bai ƙara cewa komai a kanta ba har ya faɗi.

A baranda Yaya ya ja ni gefe. Muryarsa ta yi laushi, abin da ya fi faɗansa ba ni tsoro.

"Auta, ka yi tunani. Azabtar da shi ake yi da fuskar nan. A cire. Kuma ai Baffa ya ce in dai Abba bai iya magana ba, shi zai je ya nema maka aurenta. Ka gane?"

Na gane, ban kuma gane ba.

In an cire hoton, Abba ya koma shiru, ni in yi aure. In an bar shi, Abba ya yi magana, wataƙila abin da zai fara rubutawa bayan ruwa shi ne a'a.

Na koma garejinmu, na kwance injin wani babur na mayar da shi ba daidai ba. Maigidana ya dube ni ya ce in tafi gida kafin in kashe wani.

Ban tafi gida ba. Gidan mai na tafi.

Tana tsaye da rigar aiki, tiyo a hannu. Ta hango ni ta yi murmushi.

"Makanikena, yau kuma wa ya taɓa min kai?"

Na faɗa mata komai. Ta tsaya tana kallona har mai motar da ke gabanta ya danna hon.

"Wato da fuskata yake magana?"

"Da ita."

"Ni da ya tsana?"

"Ban sani ba, zuciyata... wallahi ban san komai ba."

Ta rataye tiyon, ta ce wa abokiyar aikinta ta riƙe mata. "Mu je."

"Ina?"

"In ga aikin da fuskata take yi ban sani ba."

Ba ta shiga ɗakin ba. A bakin ƙofa ta tsaya, ƙofar a ɗan buɗe. Yaya ya fito ya ganta, ya haɗe rai.

"Ke ce? To ki ce wa Auta ya bari a cire hotonki. Ke ma gaba ta kai ki."

"Yaya, ina wuni," ta ce, ta ɗan rusuna. "Kar a cire."

"Kin san abin da zai rubuta kuwa?"

"Na sani. Zai ce ba ya so na."

"To?"

"To ya faɗa da kansa! Mutum yana kwance, ƙishirwa ma sai da fuskata zai faɗe ta, sai in toshe masa baki don in yi aure? In shiga gidan da me? Kullum in wuce ta gaban gadonsa ina sane?"

Ta juyo gare ni.

"Ina son ka, ka sani. Amma in ya ce a'a, a'a ce. Hoton dai ku bar masa, ko ba ni."

Raina ya ɓaci da ita, kuma ban taɓa son ta kamar lokacin ba. Ta goge ido da gefen mayafi ta sauka ƙasa.

Da muka koma ciki, idon Abba na kan ƙofa. Sai a lokacin na tuna kunnensa lafiya lau yake.

Injiniya ta gyara masa hular. Ta dube ni. "A bari ko a cire?"

Yaya ya dube ni. Umma ta dube ni.

"A bari," na ce.

Fuskarta ta fara walƙawa. Harafi yana fitowa, a jira, wani ya fito. Gumi ya tsatsafo wa Abba a goshi, Umma tana share masa.

KU CIRE HOTON.

"Ka gani ko?" Yaya ya ce a hankali. Ko shi bai ji daɗi ba.

Na juya zan fita.

"Tsaya," in ji Injiniya. "Bai gama ba."

Na tsaya, hannuna a kan marfin ƙofa, ban waiwaya ba. Umma ce take haɗa haruffan da baki, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai koyon karatu.

"Ta... zo... da... kanta."

Ban san yadda na sauka matakalar ba. A bakin get na same ta tana jiran mota.

"Ya ce ki zo."

"Zagina zai yi?"

"Ban sani ba! Ki zo kawai!"

Ta shiga ta durƙusa a gefen gadon, kanta a ƙasa. "Abba, ina wuni. Ka yafe min abin da na yi maka a layi."

Abba ya kalle ta, ya daɗe. Sannan ya mayar da ido kan allo. Injiniya ba ta cire hoton ba, don ba wanda zai maye gurbinsa.

ƊAGO IDO.

Ta ɗago. Tsayayyen idon nan ya cika da hawaye.

A KIRA BAFFA.

Umma ta rufe fuska da mayafi. Yaya ya fita yana laluben waya a aljihu, yana share hanci wai mura.

Ni kam har lokacin kaina bai warware ba. Na matsa kusa da kunnensa.

"Abba... da ka fara ganin hotonta, me ka ji?"

Na'urar ta ɗauki lokaci.

HAUSHI.

Dariya ta kuɓuce mata cikin kuka. Umma ma ta yi. Amma idon Abba bai bar allon ba, haruffa suna ci gaba da fitowa a kan fuskarta.

DA FARKO.