Injin Wanki da Ƙaramar Ƙofa

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar da take yin mafarki ido biyu. In an ba ta tsintsiya, sai ta tsaya kallon inuwarta a bango. In ta zuba ruwa a kofi, sai ta ga teku a ciki. Kakarta tana kiranta 'Yar Gajimare.

"Ƙafafunki ne kawai a gidan nan," in ji Kaka. "Sauran jikin yana can sama yana yawo."

A hawa na biyu na wani bene suke zaune. Babanta direban bas ne. Mamarta tela ce, kekenta yana gefen taga a falo. Akwai kuma ƙaninta, ɗan wata takwas, wanda yake ɓata riga uku kafin rana ta take.

Saboda haka wanki ba ya ƙarewa. Kullum Mama tana durƙushe gaban baho, a ɗan ƙaramin ɗakin da ke bayan kicin. Yarinyar tana son zama kusa da ita. Ba don ta taya ta ba. Kumfa take kallo. A cikin kumfar tana ganin bakan gizo, da taga, da fuskarta 'yar mitsitsiya.

Wata rana ta ga Mama ta ajiye ɗinki tana hura yatsunta. Sun yi ja, duk sun tsattsage.

"Mama, me ya sami hannunki?"

"Sabulu ne, 'yata. Likita ya ce in huta da wanki. In ba haka ba, ɗinkin ma zai gagare ni."

Baba yana jin su. Ya ajiye kofin shayinsa.

"Ranar Asabar ba ni da aiki," ya ce. "Za mu je mu sayo injin wanki. Na daɗe ina wannan shiri."

Yarinyar ta yi tsalle har jariri ya firgita.

Ranar Juma'a da safe, kafin ya fita, Baba ya kira ta.

"Zan ba ki aiki. In kin dawo daga makaranta, ki ari tef ɗin awon Mamarki. Ki auna mini abu biyu. Faɗin wurin da baho yake, da faɗin ƙofar ɗakin. Ki rubuta a takarda."

"To, Baba."

"Abu nawa na ce?"

"Biyu!"

Da ta dawo, ta ɗauki tef da fensir. Ta auna wurin baho. Santimita tamanin. Ta rubuta da kyau.

Daga nan tef ɗin ya suɓuce mata, ya miƙe a ƙasa. Rawaya ne, dogo. Hasken yamma ya faɗo a kansa. Sai ta ga ai wannan hanya ce, lambobin kuma garuruwa ne.

Ta samo wani maɓalli a aljihunta, ta mai da shi bas. Ta kwanta rub da ciki. Bas ya tashi daga gari na ɗaya. A gari na goma aka ɗauki wata tsohuwa mai kwandon furanni. A gari na talatin ruwan sama ya sauko, shuɗi, mai ƙamshin sabulu. A gari na hamsin tsuntsaye suka shiga ta taga suka zauna a kujerun baya.

Bas bai kai gari na ɗari ba, Mama ta kira.

"Kawo mini tef! Mai riga ta zo awo!"

Ta naɗe hanyar, ta kai wa Mama. Awon ƙofa kuwa ta manta da shi shaf.

Sai da gari ya waye, Baba yana sa takalmi, ya ce, "Ina takardar?"

Ta duba takardar. Lamba ɗaya ce kawai a jiki. Tef yana cikin akwatin ɗinki, Baba kuma yana bakin ƙofa. Ta leƙa daga kicin, ta kalli ƙofar ɗakin wanki. Ai tana da faɗi. Kullum Mama tana wucewa da baho a hannu.

Ta rubuta saba'in, ta miƙa masa.

"Madalla da 'yata," in ji Baba.

Shagon babba ne, mai sanyi. Injina sun yi layi, farare tas. Can a tsakiya yarinyar ta hango wani ƙato. Yana da ƙofar gilashi zagayayya a gaba, bakinta yana ƙyalli.

Ta durƙusa, ta manna goshinta a gilashin. Kamar tagar jirgin ruwa. Ta ga rigunan ƙaninta suna iyo a ciki kamar ƙananan kifaye. Ta ga zanen Kaka yana lilo kamar ciyawar ƙarƙashin teku.

"Baba, wannan! Don Allah wannan!"

Mai shagon ta zo. Wata mata ce mai tabarau da fara'a.

"Yana da kyau," ta ce. "Amma faɗinsa sittin. Zai shiga inda za ku sa shi?"

Baba ya duba takarda. "Ƙofarmu saba'in ce. Zai wuce har da sarari." Ya juyo. "Kin dai auna da kyau ko?"

Ta kalli Baba. Ta kalli gilashin.

"Eh, Baba."

"To shi ke nan."

Mai shago ta ce, "In an sami matsala, ina karɓar kayana. Amma sai in ba a yanke kwalin ba."

Bayan awa biyu wata mota ta tsaya a ƙofar gida. Masu ɗaukar kaya biyu suka sauko, ɗaya dogo, ɗaya gajere. Suka ɗaure kwalin da igiya, suka fara hawa.

"Ɗaga ta wajenka!"

"Na ɗaga! Kai ne kake barci!"

Mataki ɗaya, su huta. Mataki biyu, su yi nishi. Maƙwabta suka leƙo suna yi wa Mama murna. Kafin su kai hawa na biyu, rigunansu sun jiƙe sharkaf.

Suka wuce falo. Suka wuce kicin. Suka zo ƙofar ɗakin wanki.

Kwali ya tsaya cak.

Suka juya shi ta gefe. Bai shiga ba. Suka karkata shi. Bai shiga ba.

"Ko a kai shi banɗaki?" in ji dogon.

"Ƙofar can ta fi wannan ƙanƙanta," in ji Mama. "Kuma nan ne kaɗai muke da famfo da hanyar ruwa."

Baba ya sake duba takarda. "Kwalin ne ya ƙara masa ƙiba. Ƙofa saba'in, inji sittin. Ku yanke kwalin, zai wuce."

Gajeren ya zaro 'yar wuƙa daga aljihu.

Yarinyar tana tsaye bayan Kaka. Ta tuna maganar mai shago. In wuƙar nan ta taɓa kwali, shi ke nan. Za su zauna da injin da ba shi da wurin zama. Mama kuma ta koma gaban baho.

"Kada a yanke!"

Kowa ya juyo.

"Baba, ban auna ƙofar ba." Hawaye suka zubo mata. "Na manta. Da ka na rubuta saba'in."

Mama ta je ta ɗauko tef, ta miƙa mata. Yarinyar ta auna ƙofar.

"Hamsin da shida," ta ce a hankali.

Gajeren ya mayar da wuƙarsa. Ya dafa ƙugu, ya kalli matakalar da suka hawo.

"Ku yi haƙuri, Kawu," in ji yarinyar. "Ni na jawo muku."

"Ƙanwata, wannan saba'in ɗin taki, bayanmu ne ya ji ta," ya ce. Ya share gumi. "Amma gara da kika yi magana. Dogo, kama mu sauka."

Baba ya bi su ya mayar da injin. Bai dawo ba sai yamma. Ya zauna, ya kira ta. Bai ɗaga murya ba.

"Mai shago ta karɓa," ya ce. "Amma ba ni da wani hutu sai Asabar mai zuwa."

Ta sunkuyar da kai.

"Ba mantuwar ce ta ɓata mini rai ba. Kowa yana mantuwa. Amma na tambaye ki, kika ce eh. Da kin ce kin manta, minti nawa awon zai ci?"

"Ɗaya, Baba."

"Ɗaya. Yanzu ga shi ya ci mako."

Washegari kayan jariri suka taru. Mama ta naɗe hannun riga, ta nufi baho. Yarinyar ta riga ta.

"Mama, zauna. Ni zan yi."

"Za ki iya?"

"Zan koya."

Kullum in ta dawo daga makaranta, sai ta durƙusa. Ita tana cuɗawa, Kaka tana ɗauraya. Manyan kaya kuma Baba ya wanke kafin ya fita aiki. Bayanta ya yi ciwo. Yatsunta suka yamutse.

"Ashe wanki haka yake da nauyi?" ta ce.

"Yau gajimare ya sauko ƙasa," in ji Kaka tana dariya. "Sannu da zuwa. Matse wannan da kyau."

Ranar Juma'a ta sake aron tef. Ta auna ƙofar sau biyu. Ta auna nisan famfo da na soket. Ta kira Mama ta duba lambobin, sannan ta rubuta.

Da Asabar ta zo, ta rataya tef ɗin a wuya, suka fita.

Kafin su kai shagon, wani mutum ya tare su a bakin titi. Ya jera kaya a kan tebur. A ciki akwai wani ɗan injin wanki ruwan hoda, mai zanen taurari.

"Maigida, zo ka gani! Daga ƙasar waje aka kawo shi, sabo fil! Ga araha!"

Yarinyar ta tsaya. Taurarin kamar suna ƙifta mata ido. Ta ga kanta a cikinsa, yana tashi da ita sama, sama. Sai ta girgiza kai. Ta auna shi. Hamsin.

"Baba, zai shiga. Kuma ina son sa sosai. Amma ban san ko mai kyau ba ne."

"To mu bincika. Duba bayansa. Akwai rubutu?"

Ta leƙa. "Akwai 'yar takarda. Rabinta ya goge."

Baba ya duƙa ya karanta. "Kin ga wannan lambar? Ƙarfin wutar da yake so ke nan. Ba irin ta gidanmu ba ce. In muka jona shi, zai iya ƙonewa." Ya ɗaga wayar. "Dubi siririyar waya. Filogin ma baki biyu gare shi, babu na ukun da yake kare mutum."

Ya tambayi mai kayan, "Akwai garanti? Akwai littafin bayani?"

"Haba maigida, ai kyansa ya isa garanti!"

Baba ya yi murmushi, ya yi masa godiya, suka wuce.

"Ba duk kayan waje ne marasa kyau ba," ya ce mata. "Amma abin da yake haɗa ruwa da lantarki, ba a sayensa don launi."

Mai shago tana ganinsu ta sauke tabarau. "A'a, ga mai awo ta dawo! Yau har da kayan aiki?"

"Eh, Anti. Ƙofarmu hamsin da shida ce."

Suka bi layi a hankali. Yarinyar tana aunawa, Baba yana karanta takardun baya. Suka tsaya gaban wani fari, siriri, wanda ake buɗewa ta sama. Ba shi da ado ko kaɗan.

"Hamsin da biyu," ta ce. "Anti, muna da jariri, ya fara rarrafe. Ba zai ji masa ciwo ba?"

"Tambaya mai kyau. In yana juyawa, murfin yana kulle kansa. Ga filogi mai baki uku. Ga hatimin masu duba inganci. Ga garanti, ga littafi."

"Kwalinsa fa? Nawa ne faɗinsa?"

Mai shago ta fashe da dariya. "Maigida, ka bar mini yarinyar nan ta riƙe mini shago!"

Wannan karon, a kicin aka buɗe kwalin. Inji ya wuce ta ƙofa sumul. Mai gyaran famfo ya zo ya haɗa shi. Mama ta zuba kaya, ta danna maɓalli.

Ruwa ya fara zuba. Inji ya kama wani ɗan ƙugi mai laushi. Jariri ya saurara, ya saurara, barci ya kwashe shi. Kaka ma ta bi sahu a kan kujera, baki buɗe.

Mama ta fito baranda ta zauna. Ta rasa abin da za ta yi da hannuwanta.

"Zo in yi miki kitso," ta ce.

Yarinyar ta zauna tsakanin gwiwoyinta. Iska tana kaɗawa a hankali.

"To, me kika koya?" in ji Mama.

"Kafin a sayi abu, a auna, a karanta, a yi tambaya. In kuma ban yi aikin da aka sa ni ba, in faɗi gaskiya tun da wuri."

"Haka ne, 'yata."

"Mama, in daina mafarki ke nan?"

"A'a. Ki dai gama aikinki tukuna." Mama ta tsaga mata layi da mataji. "Yau kin gama. Rufe ido ki tafi duk inda kike so. Ina riƙe da kanki."